Abincin Goɗiyar Baba

Yaya Bubayero,

Na jira ka har azahar, na kasa zama. Na tafi Dudunni neman harawa kafin masu motocin Kano su kwashe ta.

Da safe na ɗaga tarin ingiricin da muke lallaɓawa, na tarar gara ta cinye shi, sai ƙasa. Da farin bana ko a fadama babu ciyawar yanka. Ga goɗiyar Baba da dukushi yana tsotso, haƙarƙarinta duk a waje.

Na ruga Kankiya wurin Moses malamin dabbobi. Ya ce a daddatsa karan dawa, a jiƙa, a gauraya da kowar wake, wato ɓawonsa, da dusa da 'yar kanwa. Kada a cika ta da hatsi, cikinta zai ƙulle. Na haɗa, ta shinshina ta kau da kai. Na yi lallashi har na gaji.

Sai ga Inno ta fito. Ka san tun rasuwar Baba ba ta taka bargar nan ba. Ta karɓi ƙwaryar ta ce, "Kauce, ba haka Babanku yake ba ta ba." Ta zauna kan turmi tana ba ta a tafin hannu, tana yi mata magana. Goɗiya ta cinye tas.

Sauran na nan jiƙe bayan rumbu. In ka tarar da Inno a barga, don Allah kada ka ce ta koma ɗaki ta huta. Ka ƙara mata a ƙwaryar kawai.

Sodangi