Ƙofofin Baba Kafinta

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma bai biya ba. Na gina masa gida tun daga fandisho har fenti, ya shiga ya baje, cikon kuɗina kuwa kullum "ƙarshen wata, Injiniya." Daga yau sunansa ke nan a wurina: Ƙarshen Wata. Labule har ƙasa, sabuwar mota a garejin da ni na zuba wa daɓe.

Mahaifina, wanda na gaji sana'ar nan a hannunsa, ba ya sakin makulli sai kuɗi ya cika. Ni na saki, don an ce matar gidan ta kusa haihuwa. Jaririn har ya fara zama.

Laraba, 5 ga Maris

Ofishin lauya. Fanka tana kuka, fayil har rufi. Ya jero min hanyoyi: takardar gargaɗi, in ta ƙi sai zaman sulhu, in ya ƙi sai kotu, a can a nemi a hana shi sayar da gidan. Duk na karanta kafin in je. Na biya shi ne ya maimaita min a hankali.

Sai ya ce, "Hajiya, canjin ƙofofin nan a rubuce yake?"

Ina fa! A tsaye muke kan tulin yashi mutumin ya ce ba ya son na ƙarfe, na katako yake so, masu zane. Na ce to. Lauya ya cire tabarau ya murza ido.

Asabar, 8 ga Maris

Baba kafinta, tsohon abokin aikin mahaifina, ya zo. Shi ya yi ƙofofin, kuma da sunansa ya ɗauko katakon bashi, don mai katako ya fi yarda da furfurarsa. Yanzu shi ake wa sintiri.

"'Yata, ba ni mota da sukundireba kawai. Kafin azahar ƙofofina sun dawo gida. Mu ga yadda zai yi wanka."

Na yi dariya har da hawaye, rabona da dariya na manta. Na kira lauya. Wai tunda an kafa su sun zama jikin gida, cirewa sata ce.

"Satar abin da na fere da hannuna?" in ji Baba. Na ce ya bar min, haƙƙinsa ba zai kwana a wurina ba.

Talata, 11 ga Maris

Takardar gargaɗi ta tafi. Shiru kamar an aika wa bango.

Alhamis, 20 ga Maris

Zaman sulhu. Ƙarshen Wata ya zo yana ƙamshi, ya ciro waya yana nuna hoton wata tsaga a sito, siririya kamar gashi. Wai aikina bai yi kyau ba. Ƙofofi kuma shi bai tuna ya ce a canza ba, ya ɗauka kyauta ce! Zai ba da rabi, albarkacin zumunci. Na ce ya riƙe zumuncin, ya ba ni ɗaya rabin.

Mun shigar da ƙara. Kaina kamar ana fasa dutse a ciki.

Juma'a, 4 ga Afrilu

An ɗage shari'a. Lauya ya ce haka ake yi, kuma yana son kuɗin aikinsa.

Na dawo na tarar da Baba a ofishina. Mai katako ya aiko an ɗauke injin yankansa. Na turo masa kujera, ya ƙi zama. Akwai ɗan abu a banki, amma na lauya ne, ga kuɗin makarantar auta, ga simintin sabon aiki. Ba hana shi na yi ba. Kowa a matsayina haka zai yi.

Cewa kawai na yi ya ƙara haƙuri zuwa ƙarshen wata.

Ya daɗe yana kallona. "To, Injiniya," ya ce. Tun ina rarrafe 'yata yake ce min.

Ya ja ƙofa a hankali. Ita ma shi ya yi ta, ba ta ƙara ko kaɗan.