Garin Sabulun da Na Dama Maka

Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka. Na san babu motar da za ta kai maka wannan takarda. Ko da ta kai ma ba za ka gane hannun ba, don ka bar ni ban san ko baƙi ɗaya ba. A bayanka ne aka turo mana malama daga Sakkwato, muke zama a ajin firamare bayan la'asar. Shekara uku na yi kafin fensir ya daina rawa a hannuna. Yanzu ina iya rubuta sunan kowa a unguwar nan, ban da naka. Bakina bai taɓa faɗinsa ba, hannun ma ya ƙi.

Gida lafiya. Ruwa ya cika bana har ya taɓa gindin tsamiyar bakin kwata. 'Yarka ta Wara ta haihu, namiji, an sa masa sunanka, ni kuwa Maigida nake ce masa. Sau biyu kacal na gan shi. Gidan ya rage daga ni sai Sani, sai motarka.

Maganar motar ce ta sa na zauna rubutun nan. Shekara shida tana ƙarƙashin mangwaro tun ranar da aka jawo ta daga ramin da ta faɗa da kai, goshinta a lotse, kaji suna ƙwai a kujerarka. Sani ya gaji da tuƙa motar wasu. Ya ce zai tayar da ta ubansa, ya riƙa kai bandar kifi Kwantagora kamar yadda kake yi. Na yi kuka, na yi fushi, na ƙi cin tuwo. Ka san shi, halinka ne sak. Ya kira abokinka Ɗantani bakanike, suka buge goshin, suka sake katakon baya, suka zazzage injin a kan tabarmata ta shanya.

Abin da ya tara ba zai isa a sayi komai sabo ba. Ɗantani ya shimfiɗa masa zance a fili, ko dai sababbin fistan da ringi na inji, a nemo kayan birki na hannu daga wata mota da ta mutu a Koko, ko kuwa birki sabo tun daga tukunyar mai har bututu da robobi, a lallaɓa injin da kayan hannu. Sani ya zaɓi inji. Wai mota mai hayaƙi da tari 'yan kifi ba sa ba ta kaya, wai a tasha za a ce ya fito da tsohuwa mai asma. Har ya kawo ringin a kwali yana nuna mini yadda suke walƙiya. Birki kuwa, in ji shi, direban kirki da giya yake tsayawa.

Kai ma haka kake cewa. Ka tuna?

Malam, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar haɗarin da safe ka shigo da gaggawa, an gama lodi, mata masu kifi suna jiranka. Ka ce in dama maka garin sabulu a ruwa, a kwalba. Ina tsammani gilashi za ka wanke. Na dama. Har ƙara garin na yi don ya yi kumfa sosai, don ka yaba. Na miƙa maka, ka fita kana tauna goro, ban ma ce maka a dawo lafiya ba, saboda tukunyata tana tafasa.

Sai a zaman makoki, ta bayan zana, na ji Ɗantani yana faɗa wa yayanka da murya ƙasa ƙasa cewa ya buɗe tukunyar birki ya tarar da kumfa. Wai man ne ya tsiyaye, aka zuba ruwan sabulu, dabarar direbobi in shago bai buɗe ba. Wai yana riƙewa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma da kaya a gangare, in ya yi zafi, sai ƙafa ta tafi har ƙasa. Ba wanda ya tambayi wa ya dama. Me ya sa ba ka gaya mini na mene ne ba? Da ka gaya mini, da na hana ka? Ko da na dama ɗin dai, tunda kai ka ce? Wannan tambayar ce abokiyar zamana shekara shida. Tun ranar ban sake sayen garin sabulu ba. Da sabulun salo nake wanki, maƙwabta suna cewa rowa ce.

Da na ga ringin nan a hannun Sani, sai na zaunar da shi a bakin murhu na gaya masa duka. Ya tashi ya fita. Kwana biyu yana cin abinci a tasha, in ya shigo sai ya gaishe ni yana kallon bango. Na ce shi ke nan, na rasa uban, na rasa ɗan.

A rana ta uku ya zo da littafinka mai baƙin bango, wanda kake rubuta lambobin kayan mota, ya ce in sa mayafi. Muka tafi kasuwar Yelwa. Ya mayar da ringin, ya ce a ba shi kayan birki. Mai shago ya fito da robobin birki iri biyu, yana rantsuwa duk ɗaya ne. Ni ban san Turanci ba, amma na san baƙi. Na ɗora yatsa a kan rubutunka, na ɗora wani a kan kwalin, ina bi ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya saɓa a lamba ta ƙarshe. Mai shago ya yi dariya, ya ce yau ga Hajiya injiniya ta zo duba shi. Na bar shi ya yi dariyarsa, na ɗauki na biyu. A tsakiyar kasuwar nan na fara karanta hannunka, Malam. Ashe bakwai ɗinka da ƙugiya kake yin ta.

Jiya suka gama ɗaurawa. Aikin fitar da iska daga birki na mutum biyu ne, ɗaya a sama yana takawa, ɗaya a ƙasa yana buɗe bututu. Ɗantani yana nan tsaye, amma ni Sani ya kira. Ya ce Inna ce za ta taka. Ya kama hannuna na hau, na zauna inda kake zama. Yana daga ƙasa yana kiran taka, riƙe, saki, ni kuwa ina bi. Da farko ƙafata har ƙasa take tafiya babu abin da ya tare ta. Haka ka ji a gangaren nan? Sau nawa ka taka? Na ci gaba da takawa ina hawaye, har abin ya fara tauri, ya yi tauri, ya tsaya cak a ƙarƙashin ƙafata. Na danna da duk ƙarfina, ya ƙi motsi.

Injin yana tari, yana hayaƙi. Lalle za su yi masa tsiya a tasha. Su yi.

Jibi zai yi lodin farko. Na sa masa gwangwani biyu na man birki a ƙarƙashin kujera, rufaffu, na karanta baƙinsu da idona. In ya fita, wurin mangwaro zai zama fili, gidan kuma ni kaɗai. Ban san me zan yi da kunnuwana ba har ya dawo. Amma zan sauke tukunya, in raka shi har bakin titi, in faɗa masa abin da ban faɗa maka ba.

Ka yafe mini kwalbar nan. Ni na yafe maka gaggawarka. Allah ya sada mu a inda babu gangare.

Ni ce matarka,
Uwar Sani, Yelwa.