Huɗubar Kalilu a Katin Waya

Baure, ranar Litinin

Ƙawata Oluebube,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da shagonki na gyaran waya. Na gode da ta'aziyya. Na rubuto ne don in na ɗauki waya kuka ke cinye maganar, ga takaba ta hana ni fita.

Kin san Kalilu ya bar ni da cikin wata takwas. Da ciwo ya yi tsanani, ya ɗauki muryarsa a waya yana yi wa jaririn huɗuba, har da sunan da ya zaɓa, na namiji da na mace. Ya sa na yi alkawarin ba zan saurara ba sai ranar haihuwa, in kara a kunnen jaririn. Kafin a raba kaya, ƙanensa Maliki ya goge katin wayar kaf, wai don rufa wa mamaci asiri. Bai san abin da ke ciki ba.

Na sauko da manhajar dawo da abin da aka goge a kwamfutar Kalilu ta tebur, amma ta ƙi buɗewa. In na danna, sai wani ɗan zobe ya juya ya ɓace. Ki taimake ni, tsoro nake ji.

Taki,
Raihana

Daura, ranar Laraba

Raihanata,

Sannu da haƙuri, Allah ya ji ƙan Kalilu. Ki kwantar da hankali, irin wannan kullum sai an kawo mini shago. Kwamfutar nan tun zamanin babana aka saye ta, ta kusa ta ce mini yaya. Ki duba kwanan watan da ke ƙasan allo, in ya kauce ki gyara. Sannan layin Baure yankewa yake, wataƙila rabin manhajar kika samu. Ki sake sauko da ita da sassafe, ki yi ta gwadawa har ta zo cikakkiya.

Ki riƙa cin abinci, na san halinki. A gaida Inna.

Oluebube

Baure, ranar Lahadi

Ƙawata,

Bayan gaisuwa, na bi duk abin da kika ce. Kwanan watan ya koma shekara goma baya, na gyara. Sau tara na sauko da manhajar, kuma duk cikin katin nake zubawa, tunda can ciwon yake, can ya kamata a sa magani. Har ya cika, ko ɗaya ba ta buɗe ba.

Na gaji, ƙafafuna sun kumbura, ungozoma ta ce kwana kaɗan ya rage. Ga katin nan na naɗe a takarda na ba Saminu direba.

Ki huta lafiya.
Raihana

Daura, ranar Talata

Raihana,

Ina gaishe ki, amma ban san ta inda zan fara ba. Manhajar lafiyarta lau, ta sababbin kwamfutoci ce, a tawa nan take ta buɗe. Da kin sauko da ita sau ɗari ba za ta tashi a ta Kalilu ba.

Abin da aka goge ba ya tafiya nan da nan, yana nan kwance har sai an ɗora wani abu a kansa. Duk manhajar da kika zuba a katin, a kan muryarsa ta zauna. Ni na ce ki yi ta gwadawa, ban tambaye ki inda kike ajiyewa ba. Laifina ne, kuma ya tsaya mini a rai.

Daƙiƙa goma sha ɗaya na samo. Ya yi gyaran murya, ya fara kiran salla, sai ta yanke. Bai kai ga sunan ba. Na sa miki a wani kati, yana hannun Saminu. Ki yafe mini.

Oluebube

Baure, ranar Asabar

Ƙawata,

Ina gaisuwa. Na sauka ranar Alhamis, mace ce. Na kara mata muryar ubanta, inda ta yanke Maliki ya ƙarasa. Sai ya juyo ya ce, "Yaya bai bar wani suna ba?" Na ce ya bar suna, amma ban san shi ba.

Sun sa mata Kulu. Ki zo suna, ban riƙe ki a rai ba. Ni dai har yau bakina ya kasa kiranta da sunan nan.

Raihana