Nuriyya da Gwajin Koyar da Turanci

Zongo, Lome

Zuwa ga ƙanena Malam Abdulƙahhar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Khairunnisa da yara. Yaya Kaduna, yaya ɗalibanka? Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan sai godiya. Ƙafar babansu ta yi sauƙi, har yana takawa masallaci da kansa. Ka yi haƙuri da rubutuna, a waya nake dannawa, yadda ya zo bakina haka nake sa shi.

To albishirinka, 'yarka Nuriyya ta samu aikin koyar da Turancin nan. Yau kwana uku ke nan nake cin abinci ina jin ɗanɗanonsa. Ka san da ma ta rantse in wannan lekol, wato makarantar bokon unguwar Agbalepedo, ba ta ɗauke ta ba, Akara za ta tafi ta zauna wa ƙawarta a shago. Ita kaɗai ce mace a gabana, in ta tsallaka iyakar Gana a Aflawo wa zan kira ya amsa? Ban hana ta ba, amma ta ciki na ciki.

Abin da ka yi ta gyara mata a waya, shi ya fi cin ranta. Ni dai ban gane ba sosai, ta ce wai Turancin da ta tsinta a bakin 'yan kasuwar Gana, yadda suke jefa wa jama'a tambaya ba haka yake a littafi ba, wai kalma sai ta bi yawan mutanen da ake tambaya. Tana wanke-wanke tana maimaitawa, tana tuƙa tuwo tana tambayar tukunya ko kowa ya shirya.

Da gwajin ya matso sai ta ce tana son mutane ta gwada a kansu. Na tara mata matan gidanmu bayan la'asar, mu bakwai a kan tabarma, har da Inna Assana mai koko da Ruƙayyat matar mahauci. Ta koya mana amsa, kalma ɗaya tak, sannan ta tsaya ta yi tambayar. Wallahi maimakon mu amsa, sai muka haɗa baki muka mayar mata da tambayarta, da waƙa, kamar muna gaban Malam Iddi a islamiyya. Ta sake, muka sake. Sau biyar. Yarinya ta zauna a kan turmi kamar za ta yi kuka, ta ce mun ɓata mata yamma. Inna Assana ta ce mata ita shekararta saba'in ba ta taɓa ganin ɗalibin da ya amsa abin da bai biya ba, in tana son amsa ta bari bakinmu ya saba tukuna. Haka muka watse, Nuriyya na fushi, mu muna dariya a ɓoye.

Ranar Talata ta hau zemijan, acaɓanmu na nan, ta tafi, ni ko kasuwa ban fita ba. Su uku ne masu nema. Aka ba kowa minti goma a gaban yara wajen arba'in, direkta, shugaban makarantar, da malamai biyu na zaune a baya da biro. Ta ce da ta yi tambayar farko daidai yadda ka koya mata, ajin ya yi tsit, yara suna kallonta suna waigen direkta. Ta sake, shiru. Tsoro ya kama ta, a ta uku harshenta ya zame ya koma Turancin kasuwa, kuma da idonta ta ga malama ɗaya ta sunkuya ta rubuta. Ta ce a ranta har ta fara ɗaure kayan Akara.

Da ta ga ba abin da ya rage, sai ta buga tebur da tafin hannu, ta faɗi tambayar, ta yi musu alama su biya. Suka biya a hankali. Ta ce ba ta ji ba. Suka ɗaga murya har na ajin kusa suka leƙo. A karo na huɗu, kafin ta rufe baki, hannu ya fi goma a sama, kowa na son ya amsa.

Bayan an tashi direkta bai ɓoye mata ba, ya ce sun ji inda ta zame, ta je ta gyara. Ta dawo ido jawur, ta ce in daina sa rai. Sai ranar Juma'a ya kira, ya ce sauran biyun Turancinsu ya fi nata tsafta amma da allo suka yi ta magana, ita ce kaɗai yara suka buɗe wa baki. Litinin za ta fara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kai ka ba ta na littafi, Allah ya saka maka. Ta ce kada ka gaji da ita, za ta riƙa turo maka tambayoyin kowane mako ka duba kafin ta shiga aji.

Ka gaishe mini da Khairunnisa, da Musaddiq, da takwarata in ta fara gane mutane. Babansu na gaishe ka, ɗanka Ayouba ma haka. Ka sa mana ita a addu'a, Allah ya sa ta fara a sa'a.

Taka yaya,
Hasanatu