Sunan da Ke Kan Takardar Tobiya

Unguwar Turaki, Jalingo
Lahadi

Zuwa ga angona Njidda, ɗan bautar ƙasa a Abakaliki,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Jam na, lafiya dai ko? Ina fata doyar can ba ta sa ka manta da tsohuwar matarka ba. Ka ce in riƙa danna maka saƙo a waya, to yatsuna ba na wannan aikin ba ne. Zan rubuta a takarda yadda aka koya mana a aji huɗu, in ɗauki hotonta in tura. In ka ga inuwa a gefe, babban yatsana ne.

Jiya Asabar bayan la'asar na hau kujerar da ka bar min a gindin mangwaro, na ja wasan nan naku na labari. Ni da na tsufa ina tatsuniya yara na tsit, yau ga ni ina tambayar masu sauraro, "To me za ku yi?" Ƙanwarka Hamna ta zama maharbiya. Jemima 'yar maƙwabta, wadda ke jan waƙa a coci, ta ce ita ɓarauniya take so. Na tura su su kori dodon da ya kwanta a bakin rijiyar gari. Hamna ta ɗana baka, ta jefa ɗan lidon nan mai fuska ashirin, ya ba ta ɗaya. Ɗaya! Na ce to kibiya ta wuce dodo ta sami akuyar mai unguwa. Rabin yamma a shari'ar akuya muka ƙare. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Adda Rauda, caca da furfura?" Na ce, "Shigo ki ga abin da ake ci, ko gyaɗa babu."

Abokinka Tobiya ya zo, ya rame. Ya kawo min littafin zanen nan na mako-mako da kake bi, ya buga min shi a shagonsa na fotokofi. Ya ce kai ka ce kada a bar ni a baya. To na karanta. Yarinyar nan mai tashi sama ba ta da tarbiyya: ta taga take shiga gidan mutane, babu sallama. Shafi ashirin ba wanda ya ci abinci, shi ya sa kowa ke fushi. Turancin da ke fitowa daga bakinsu ina tsallake rabi, amma fuska ba ta min wuyar karatu. Mai gemun nan da take ce wa malaminta, ka rubuta ka ajiye, munafuki ne.

Tobiya ya cika takardar jaruminsa da kansa, maƙeri mai guduma. Na karɓa na duba, na miƙa masa. Na ba shi tsaron jakin tafiya, kuma ya tsare shi da kyau.

Ka ci abinci. Allah ya tsare min kai.

Taka har kullum,
Maama Rauda

*

Abakaliki
Laraba

Maama,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na karanta wasiƙarki a ɗakin malamai, na yi dariya har shugaban makaranta ya leƙo. Akuyar mai unguwa! Ni wata uku ina jan wasan ban taɓa kawo irin wannan ba. Batun mai gemu kuwa ba zan ce komai ba, ki jira mako biyu.

Abu ɗaya ne zan tuna miki. A wasan nan ba a ce wa mutum "kai" ko "ke". Sunan jaruminsa ake kira, a dube shi, a ce me za ka yi. Nan ne sabon ɗan wasa ke jin cewa da shi ake yi.

Don Tobiya nake faɗa. Kin san tun da mahaifiyarsa ta rasu daga shago sai ɗaki. Sai da na yi wata guda ina roƙo kafin ya zauna tare da mu, sau biyu kawai, sai ga tafiyata. Ba shi da wani wurin zuwa ban da gindin mangwaron nan. In ya bar zuwa, ban san wa zai sake fito da shi ba. Ki riƙe min shi, don Allah.

Ki gaida Hamna, ki ce ta bar akuyoyin mutane.

Jikanki,
Njidda

*

Unguwar Turaki, Jalingo
Litinin

Angona Njidda,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga wasiƙarka tun kusan makonni huɗu da suka wuce. Ban amsa ba don biro ya ƙare. Ƙarya nake yi, biro yana nan.

Tobiya bai zo ba Asabar biyu ke nan. Littafin zane ma ya tsaya. An bar ni da yarinyar nan a rataye a jikin gada da hannu ɗaya, mai gemu yana tsaye a kanta yana murmushi. Kwana goma sha shida tana rataye! Ko a lahira ba a yi wa mutum haka. Hamna ta ce za ta nuna min a waya, na ce ba na so, a takarda na saba.

To bari in faɗa maka yadda aka yi, ka yi min faɗan a hankali, ni ba sa'arka ba ce. Asabar ta biyu suka shiga kogon dodo. Na ce, "Maharbiya Inna Wuro, me za ki yi?" Ta yi. Na ce, "Yatsu Goma ɓarauniya, ke fa?" Ta sace wa dodo cokali. Da aka zo kan maƙeri sai na ce ai jaki ba zai shiga kogo ba, dole wani ya tsaya da shi. Asabar ta uku na ce jakin ya yi ciwon ciki. Tobiya ya ɗaga kai ya ce, "Maama, zan iya jefawa in ga ko zai warke?" Na ce, "Jefa, kai na gefe." Ya jefa, ashirin cif! Jemima ta yi guɗa. Ni kuwa na ce madalla, jaki ya warke, na juya wajen 'yan mata. Da aka tashi ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu, ya ce sai an jima, bai sha ko kunun da na dama ba.

Hamna ta so ta yi masa magana, na harare ta ta haɗiye. Kada ka kira ta, na riga na ja mata kunne. Akwai abin da ke kan takardar nan tasa da bakina ba ya iya ɗauka, kuma ba zan rubuta maka shi ba. Na ɗauka in na yi ta kewaye-kewaye zai gaji ya sake wani jarumin. Ashe shi ne zai gaji.

Ka ce in riƙe maka shi, ga shi na sake. Ka kira shi ka ji.

Matarka mai laifi,
Maama Rauda

*

Mayo Gwoi, Jalingo
Alhamis

Zuwa ga Maama Rauda,

Ina gaisuwa, Maama. Yaya jiki, yaya gida? Allah ya ƙara lafiya.

Njidda ya kira ni sau da yawa, ban ɗauka ba, don ban san abin da zan gaya masa ba. Na ga ya fi kyau in rubuta miki. Ga littafin zane na mako biyu da ban kawo ba, na haɗa da na wannan mako. Zan riƙa ba Jemima ta kawo miki, ba zai sake tsayawa ba.

Maama, na gane ban iya wasan ba, kuma ba na jin haushi. Amma na yi tunani ko sunan ne ya ɓata miki rai, tun da kina kiran na kowa ban da nawa. Wataƙila bai dace ni Kirista in ɗauki sunan Musulmi in yi wasa da shi ba. In haka ne, ki yafe min, ban yi don raini ba. Abdulmumin shi ne sunan da ake kiran Njidda da shi a rajista tun muna aji ɗaya a sakandare. Da ya tafi, na ga wurin zamansa babu kowa, sai na ce bari in sa sunansa a takardata, ko a riƙa jin shi a wurin kowace Asabar. Shi ke nan dalilina.

Na gode da kunu da kuma zama da aka yi da ni.

Ɗanki,
Tobiya Manasseh

*

Unguwar Turaki, Jalingo
Juma'a

Tobiya ɗana,

Ina amsa gaisuwarka, ina kuma yi maka tawa. Useko, na gode da littattafai. Ban buɗe su ba tukuna, yarinyar ta ƙara haƙuri a jikin gada, kai ne a gaba.

Kai yaro, wa ya gaya maka ana fushi da suna don addini a gidan nan? Mahaifiyarka Alisabatu, Allah ya ba ka haƙurin rashinta, ta sha cin tuwon sallah a tabarmar da kake zama. Zauna ka ji abin kunyar da tsohuwa ta yi.

Sunan da ka rubuta sunan mai gidan nan ne, kakan abokinka. Shi aka mayar wa yaron, shi ya sa mu a gida Njidda muke cewa. Mu a yadda aka tashe mu, mace ba ta kama sunan mijinta. Shekara arba'in da ɗaya na zauna da mutumin nan ban faɗa ba ko sau ɗaya, ko muna faɗa. Ranar da na kai shi asibiti, malamar jinya ta ce sunan majiyyaci, na tsaya ina kallonta kamar kurma, sai shi da ke kwance ya ɗago kai ya faɗa da kansa, yana min dariya. Yau shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa, bakin bai buɗe ba. Sai ga shi ka miƙo min shi a takarda, da guduma a hannu, a ce in kira shi a gaban jikoki!

Da na gaya maka tun ranar farko, da an wuce wurin. Amma bayanin ma kunya ne, sai na ɓuya a bayan jaki. Laifina ne, ba naka ba. Ka iya wasa. Wanda ya warkar da jaki da jifa ɗaya ai ba a ce masa bai iya ba.

Kada ka goge sunan. Na karanta dalilinka sau uku, ban yarda a taɓa shi ba. Yadda zan kira ka ban sani ba tukuna, amma gobe bayan la'asar ka zo. In ba ka zo ba zan hau Keke Napep da wannan ƙafar in zo shagonka, in zauna a kan injin fotokofi har ka rufe.

Kakarka,
Rauda

*

Unguwar Turaki, Jalingo
Lahadi

Angona Njidda,

Gaisuwa a taƙaice, hannuna ya gaji.

Ya zo. Har mun fara, sai ga sallamarsa. Ya zauna ya shimfiɗa takardarsa, sunan yana nan. Na kira Hamna ta yi harbinta, na kira Jemima ta yi satarta. Aka zo kansa, ni kuwa ban shirya komai ba. Sai na ji bakina ya ce, "Malam, ga dodo a gabanka. Me za ka yi?"

Haka nake kiran kakanka. Hamna ta sunkuyar da kai. Tobiya ya waiga bayansa ya ga ba kowa, sannan ya gane. Ya ɗauki ɗan lido ya ce, "Na'am, Maama. Zan shiga gaba."

Shekara goma sha ɗaya rabona da in ce Malam a tsakar gidan nan a amsa min. Na ce musu hayaƙin murhu ne ya shiga idona. Jemima ta ce ai ba a hura wuta ba, na ce ɓarauniya ba ta da bakin shaida.

Ya ce Asabar mai zuwa shi zai riga kowa. Ka kwantar da hankalinka, ka yi aikinka.

Taka,
Maama Rauda