Ciwon Bayan Mama

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara.

Dalilin rubuto miki shi ne halin da Mama take ciki. Na aiko mota a ɗauko ta ta ga jikokinta, direba ya dawo shi kaɗai. Na zo da kaina, na tarar ta rame, leɓenta a bushe, an miƙa mata ruwa ta ƙi sha. Ko kusa da ni ba ta zauna ba. Ke da kike tare da ita, me kike yi? Ina jin rikicin tsufa ne ya soma. Ranar Litinin zan zo in kai ta wurin likitana kamar yadda na saba, a ƙara mata maganin ciwon bayan nan.

Ki huta lafiya.
Yayanki.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, sai dai wasiƙarka ta ƙona min rai.

Rikicin tsufa? Mama ta fi ni da kai hankali. Tunda ka tambayi abin da nake yi, wanki nake yi, Yaya. Kullum kafin in buɗe shagon ɗinkina sai na wanke tsummokaran da take ƙunzugu da su. Fitsari ne ke ƙwace mata. Ta yi tari ya zubo, ta yi dariya ya zubo, ta ɗaga bokiti ya zubo. Ta daina shan ruwa ne don ya ragu. Motarka kuwa tsoron jiƙa maka kujera take yi. Ta yi ta sake alwala kafin ta idar da salla ɗaya, na sha samun ta tana kuka a kan darduma.

Kuma bari ka ji: Mama ba ta taɓa ciwon baya ba. Shekara da shekaru kana kai ta asibiti, ka shige ɗakin likita tare da ita, ka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Likita ya tambaye ta, kai ka amsa. Wace uwa ce za ta buɗe baki a gaban ɗanta na fari ta ce wani abu yana saukowa ta gabanta? Sai ta dafa ƙugu ta sunkuyar da kai, kai kuma ka ce, "Bayanta ne, likita." Ƙwayoyin suna nan cike da leda a ƙarƙashin gadonta.

Kada ka zo Litinin. Ni zan kai ta, wurin likitar mata.

Allah ya huci zuciyarka, ni dai tawa ba ta huce ba.
Auta.

Auta,

Bayan sallama. Ban zaci irin wannan magana daga gare ki ba. Akwai abin da ba a faɗa wa ɗa a kan uwarsa. Ban taɓa gazawa a hidimarta ba, kowa shaida ne. Kuma na ɗauka duk macen da ta haihu haka take, a yi haƙuri kawai. Ki kai ta, tunda kin fi ni sani.

Yayanki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Mun je, mun dawo.

Da ka ga bencin da muka zauna, da ba ka rubuta "a yi haƙuri" ba. Cike yake har baranda. Akwai mai dakon ruwa, akwai malamar makaranta, akwai yarinya mai goyon fari, kowacce ta ɗosana a gefen benci ta ƙi haɗa ido da 'yar'uwarta.

A bakin ƙofa Mama ta riƙe min hannu ta ce, "Ke ma tsaya a waje." Na tsaya, amma labule ne kawai tsakaninmu. Likitar ta ce mahaifa ce ta sauko, naman da ke riƙe da ita ya saki. Haihuwa takwas, ga doguwar naƙuda, ga bahon wankau da ta yi ta hawa bene da shi don mu yi karatu. Ta sa mata wani zobe na roba da zai tallafe mahaifar, ta koya mata yadda za ta riƙa matse wurin, ta ce ta koma shan ruwa. In bai wadatar ba, akwai tiyata. Abu mai magani, Yaya!

Da likitar ta tambaye ta tun yaushe, Mama ta ce, "Tun haihuwar na farin, 'yar nan. Ban ga wanda zan faɗa wa ba."

Shekarunka nawa yanzu?

Ƙanwarka.

Auta,

Salamu alaikum. Na karanta. Ki gaishe ta, kada ki ce mata na sani.

Yau da safe na tambayi uwar yarana ko ita ma tana fama da wani abu irin wannan. Ta ajiye tsintsiya, ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Don Allah ki zo ki raka ta wurin likitar nan. Ni zan jira a mota.

Yayanki.