Nusaiba, Fim Ɗin Ya Yafe, Ni Ban Yafe Ba

Zuwa ga ƙanwata Nusaiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Mu dai muna nan. Inna ta fara cin abinci, Baba ya koma gonarsa ta Dagumawa.

Fim ɗin da kika ƙosa ya fito ya iso Wudil. Masu tura fim na bakin kasuwa suka sa min a waya, fassarar Hausa. Da kin gani da kin yi jifa da wayar.

Kin tuna yadda kike karanta littattafan nan da aka yi fim ɗin a kansu kina juya min da Hausa, ni ina tsinkar zogale? Ƙasar da aka zagaye da katanga, ɗan cikin katangar ba ya laifi. In ya yi kisa, sai a kamo ɗan talaka daga waje a hukunta a madadinsa. Nakan yi miki dariya in ce Turawa ba su da aikin yi. Ke kuma ki harare ni ki ce, "Yaya, ai mu ne 'yan wajen."

A littafin ƙarshe, jarumar labarin ta tsaya gaban jama'a ta faɗi sunan wanda ya kashe ƙaninta, tana maimaitawa har aka ja ta. A fim kuwa kuka aka sa ta, ta yafe masa. Mai fassara ya ƙara nasa gishirin, ya sa mata "na bar ka da Allah" a baki. Raina ya ɓaci.

Ranar Juma'ar nan ta kasuwa, da mota ta kwashe ki a bakin gada, ina bayanki riƙe da ledar kifi. Na ga mai tuƙin. Ɗan wani babban Alhaji ne, idonsa a kan waya. Amma wanda ke tsare yanzu Malam Sani ne, direban gidansu, wanda a lokacin yana masallaci.

Tun bayan sadakar bakwai manya suke sintiri a zaurenmu, da buhun shinkafa, da atamfa ga Inna, da wa'azin haƙuri. Kawu ya ce ƙaddara ce, in ce ban ga fuska ba a rufe maganar. Na san ƙaddara ce. Tsayuwar da zan yi a kotu ma tana cikin ƙaddarar yaron.

Ranar Litinin zan ba da shaida. Kawu ya rantse in na je, ba shi ba ni. Baba da ƙyar yake amsa gaisuwata. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma so nake yaron nan ya ji sunansa daga bakina. So nake uwarsa ta yi zaryar kai abinci gidan yari, ta ɗanɗani kaɗan daga abin da Inna take sha. Ban yafe ba, kuma ba na buƙatar a kira ni mai haƙuri.

Autar Inna, har yanzu in na tashi zuba abinci kwano biyu nake ɗaukowa. Sai na juyo zan kira ki nake tunawa.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya mayar da Malam Sani ga 'ya'yansa. Ya hana wanda ya taka ki barci mai daɗi har sai ya amsa da bakinsa. Ni kuma ya riƙe min muryata ranar Litinin, kada ta yi rawa. Amin.

Yayarki,
Hadiza,
Wudil.